MARAYA MAI HULA BIYAR

Masu karatu, in kun ji Bature ya ce wane yana da hula hamsin, kada ku zaci mai sayar da huluna ne a kasuwa. A ƙasar Ingila akwai wata tsohuwar al'ada. Ranar da aka fara zaɓen mutum ya yi wa ƙasarsa wasa, akan ba shi wata 'yar hula ta girmamawa. Daga nan kuma duk wasan da ya ƙara yi wa ƙasar, sai a ce ya ƙara hula ɗaya.

Mutumin da za mu ba ku labarinsa a wannan wata hula biyar kaɗai ya samu. A ido ba su da yawa. Amma in kun ji inda ya fito, da irin ƙayar da ya taka kafin ya kai gare su, za ku yarda biyar ɗin nan sun fi hamsin ɗin waɗansu nauyi. Sunansa James Peters. Shi ne baƙar fata na fari da ya yi wa Ingila wasan ƙwallon zari-ruga, a shekarar 1906.

WANE IRIN WASA NE?

Da yake wannan wasa bai yaɗu a wajenmu kamar ƙwallon ƙafa ba, bari mu ɗan bayyana shi tukuna. Ƙwallon ba kewayayye ba ne, ya yi kama da ƙwai. Mutum 15 ne a kowane gefe, suna kuwa yin minti 80. An yarda mutum ya ɗauki ƙwallo a hannu ya ruga da shi, abin da ya sa muke ce masa zari-ruga ke nan. Abokan gaba kuma an yarda su cafke mai gudun su kā da shi ƙasa. Babbar dokar ita ce, ba a jefa wa aboki ƙwallo ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya keta mutane ya kai ƙwallon bayan layin abokan gaba ya dangwala shi ƙasa, ya ci. A zamanin Peters wannan ci maki 3 ne.

Turawa suna kiran wasan da sunan wani gari, Rugby, inda akwai wata babbar makaranta ta 'ya'yan masu hali. A can wasan ya girma. A 1871 aka kafa ƙungiyar da ke kula da shi a Ingila, a shekarar nan kuma aka yi karo na fari tsakanin ƙasa da ƙasa, watau Sikotilan da Ingila, a birnin Edinburgh. Ku riƙe wannan a zuciya: shugabannin wasan galibinsu 'ya'yan manya ne, waɗanda ba su taɓa kwana da tunanin abin da za a ci gobe ba. Za mu komo kan wannan magana.

ƊAN MASU YAWO DA NAMUN DAJI

An haifi James ran 7 ga Agusta, 1879, a Salford, kusa da Manchesta. Ubansa, George Peters, baƙin mutum ne daga tsibirin Jamaika. Uwarsa, Hannah, Baturiya ce daga lardin Shropshire. Uban yana aiki ne tare da masu yawo gari gari da babban tanti, suna nuna wa mutane wasan dawakai da zakoki da tsalle-tsalle, ana biyansu. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, zakoki ne suka kashe uban a cikin keji, James yana ƙaramin yaro.

Uwar ba ta da ƙarfin riƙonsa. Sai yaron ya shiga hannun waɗansu masu irin wannan wasa, suka koya masa hawan doki ba sirdi, yana tsalle a bayan doki doki na gudu, jama'a na tafi. Muddin yana kawo musu kuɗi, ɗansu ne. Yana da shekara wajen 11 ya karye a hannu. Da suka ga ba shi da sauran amfani a gare su, sai suka naɗe tantinsu suka yi gaba, suka bar shi.

Ku duba fa. Yaro ɗan shekara 11, ba uba, uwa ba ta kusa, hannu a karye, ga shi baƙi a ƙasar farare. A biranen Ingila na lokacin akwai dubban yara irinsa masu kwana a ƙarƙashin gada da bakin kasuwa. Da yawansu sata da kurkuku ne ƙarshensu, waɗansu kuwa sanyi da yunwa.

GIDAN MALAM FEGAN

Amma akwai wani mutum a Landan mai suna James Fegan. An haife shi a 1852. Yana saurayi, akawu ne a wani ofishin 'yan kasuwa. Bayan da ya ba da gaskiya ga Almasihu, ya fara koyar da yaran titi karatu da yamma in ya tashi daga aiki. Da ya ga inda almajiransa suke kwana, sai ya kāsa barci. A 1872 ya buɗe gida na fari domin yara maza marasa galihu a unguwar Deptford. Daga baya ya ƙara waɗansu gidaje a Greenwich da Southwark, ya bar aikin ofis ɗungum.

A hannun wannan mutum James Peters ya faɗa. Ya fara zama a gidan Southwark, sa'an nan aka kai shi na Greenwich. Gidajen Fegan ba wurin hutu ba ne. Akwai tashi da asuba, da addu'a, da karatun Littafi Mai Tsarki, da horo mai tsanani. Amma akwai abinci, akwai gado, akwai kuma sana'a, gama Malam Fegan ya ɗauka cewa yaron da aka ciyar ba a koya masa aikin hannu ba, an yi masa rabin taimako ne kawai. James ya koyi aikin ɗab'i, ya kuma koyi kafinta. Wannan kafinta ita ce ta ciyar da shi har tsufansa, ba ƙwallo ba.

A nan ne kuma aka gane Allah ya yi masa baiwar jiki. Tsallen da ya koya a bayan doki bai tafi a banza ba. A tsere da tsalle ba mai kamo shi cikin yaran gidan, har aka sa shi shugaban 'yan wasansu.

BRISTOL DA PLYMOUTH

Da ya isa neman na kansa, sai ya tafi birnin Bristol yana aikin kafinta. Ya fara wasa a ƙananan kulob na unguwa, Dings da Knowle. A 1900 babban kulob na birnin ya ɗauke shi, ya yi musu wasa 35 cikin shekara biyu, lardin Somerset ma ya zaɓe shi.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Wani daga cikin 'yan kwamitin kulob ɗin ya ajiye muƙaminsa don an sa baƙi a wasa. Wata jarida kuma ta yi gunaguni cewa yana tare wa farin mutum wuri. Suka laƙaba masa suna saboda launin fatarsa, sunan ya bi shi har cikin jaridu duk tsawon wasansa.

A 1902 ya koma Plymouth, garin bakin teku a lardin Devon, inda jiragen ruwan yaƙi na Ingila suke da babbar ma'aikata a unguwar Devonport. Ya sami aikin kafinta a can, ya shiga kulob ɗin Plymouth. Mutanen garin ma'aikata ne irinsa, masu hannu da kanta. Su abin da suka gani shi ne mutum ne mai iya wasa, suka rungume shi.

Matsayinsa a fili shi ne ɗan tsakiya. Ga yadda abin yake. Ƙarfafa takwas na kowane gefe sukan sunkuya su haɗa kafaɗu su yi turereniya a kan ƙwallo. In ƙwallon ya fito ta baya, 'yan tsakiya biyu ne suke karɓa. Cikin ƙiftawar ido ɗan tsakiya zai yanke shawara: ya ruga da kansa, ko ya jefa wa masu gudu, ko ya buga da ƙafa. Shi ne kan wasan, sauran su ne jiki. Peters ba ƙato ba ne, amma ga sauri, ga wayo, ga kuma rashin tsoron cafke wanda ya fi shi girma sau biyu. A lardin Devon an haɗa shi da wani Bature mai suna Raphael Jago, suka san juna kamar hannu da baki. A kakar wasa ta 1905 zuwa 1906 Devon ta cinye gasar lardunan Ingila duka.

HULA TA FARI

A wannan lokaci kuwa ƙungiyar Ingila tana shan kashi. A Disamba 1905 'yan Niyu Zilan sun lallasa ta da 15 ba ko ɗaya. A farkon 1906 masu zaɓe suka ɗauki Jago suka bar Peters. Wales ta ci Ingila 16 da 3, Ailan ta ci ta 16 da 6. Jaridun yammacin Ingila suka tada murya suna tambaya, don me aka raba mutum biyu da suka saba da juna? Waɗansu suka fito fili suka ce launin fata ne dalili.

Wuya, in ji masu magana, ko da magani ba daɗi, amma takan koya wa mutum hankali. Da kunya ta ishi masu zaɓe, sai suka aika a kira kafintan Devonport. Ran 17 ga Maris, 1906, James Peters ya sa farar riga mai furen wardi a ƙirji, ya fito fili a Edinburgh don karawa da Sikotilan. Abokin tsakiyarsa a ranar shi ne Adrian Stoop, wanda ya yi makarantar Rugby da jami'ar Oxford. Ga ɗan gidan marayu, ga ɗan masu hali, kafaɗa da kafaɗa. Rabon Ingila da cin Sikotilan tun 1902. A ranar nan ta ci 9 da 3, Peters kuwa yana da hannu cikin shirya nasarar.

Bayan kwana biyar, ran 22 ga Maris, suka haye zuwa Paris. Wannan ne karo na fari a tarihi da Ingila ta kara da Faransa a wasan zari-ruga. Ingila ta ci 35 da 8, Peters da kansa ya dangwala ƙwallo sau ɗaya. Wasa biyu, nasara biyu. Kowa ya ɗauka ya sami wurin zama ke nan.

BAƘI DAGA AFIRKA TA KUDU

Da kaka ta yi a shekarar nan, sai ga baƙi. Ƙungiyar Afirka ta Kudu ta iso Ingila, zuwanta na fari, shugabanta Paul Roos. Shekara huɗu ke nan da gama yaƙi tsakanin Ingilishi da Turawan Bowa a ƙasarsu, aka haɗa 'ya'yan ɓangarorin biyu cikin ƙungiya ɗaya don a nuna an yi sulhu. Amma sulhun farare ne da farare. Ba baƙi ko ɗaya a cikinsu, ko da yake baƙaƙe su ne mafi yawa a ƙasar, suna kuma yin wasan a nasu kulob.

A watan Oktoba aka shirya musu karo da lardin Devon a Plymouth, jama'a ta cika fili maƙil. Mutanen garin sun daɗe suna ba da labari cewa da baƙin suka ga akwai baƙar fata cikin 'yan Devon, sai suka ƙi fitowa, har sai da manya suka sa baki suka lallashe su don kada jama'a ta tada hargitsi. Devon dai ba ta cire ɗanta ba. An yi wasan, Peters yana ciki, baƙin suka yi nasara.

Babban karo shi ne na ran 8 ga Disamba, tsakanin Ingila da Afirka ta Kudu a Landan. Da aka fito da sunaye, ga Stoop, ga Jago, babu Peters. Aka tashi 3 da 3. Masu zaɓe ba su ce kome ba, amma mutane da yawa, tun daga lokacin har yau, sun ɗauka an bar shi ne don kada a ɓata wa baƙi rai. Lardi ya tsaya wa ɗansa, ƙasa ta kau da kai.

Abin da Peters ya yi shi ne ya koma bakin aikinsa, ya ci gaba da wasa. Baƙi na tafiya aka sāke nemansa. A Fabrairu 1907 ya yi wasa da Ailan a Dublin, tare da abokinsa Jago. A Maris kuma aka kara da Sikotilan a filin Blackheath. Filin nan kuwa ba shi da nisa da Greenwich, inda ya yi zaman maraici. An ci Ingila 8 da 3, amma maki ukun nan Peters ne ya kawo su. Hularsa ta biyar kuma ta ƙarshe ya same ta a Janairu 1908 a Bristol, garin da aka taɓa cewa yana tare wa farin mutum wuri. Hazo ya rufe filin a ranar har 'yan kallo ba sa ganin tsallaken fili, Wales ta ci 28 da 18.

YATSU UKU DA DOKAR KUƊI

A 1910 tsautsayi ya same shi a wurin aiki, ya rasa yatsu uku. Ga kafinta, ga mai jefa ƙwallo, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Mutane suka ce ya gama. Da hannun ya warke sai ya koma fili, ya ci gaba da yi wa Plymouth wasa. Mutanen gari kuma suka tara masa gudummawa, yadda ake yi wa ɗan'uwa in wahala ta same shi.

To, a nan ne maganar da muka ce ku riƙe ta dawo. Shugabannin wasan suna da doka mai tsanani cewa kada ɗan wasa ya karɓi ko kwabo saboda wasa. Sun ce kuɗi yakan ɓata wasa, akwai kuwa gaskiya a ciki. Amma dokar ba ta faɗa a kan kowa da nauyi ɗaya ba. Lauya ko likita in ya tafi wasa ran Asabar, ba abin da ya ragu a aljihunsa. Mai haƙar kwal ko kafinta in ya bar aiki, an yanke masa ladan ranar, in ya ji rauni kuma gidansa ya shiga yunwa. Saboda wannan ne a 1895 kulob 22 na arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, suka kafa tasu ƙungiya wadda ta yarda a biya ma'aikaci ladan da ya rasa. Daga baya suka rage 'yan wasa zuwa 13. Duk wanda ya taɓa shiga wasansu, tsohuwar ƙungiya takan kore shi har abada.

A 1912 wannan rigima ta iso Devon. Waɗansu kulob na yamma suka yi yunƙurin bin sawun mutanen arewa. Shugabanni suka yi bincike, suka dakatar da 'yan wasa da dama bisa laifin karɓar kuɗi. Peters na ciki, Jago ma na ciki. Mutumin da zagi bai kore shi ba, rashin yatsu bai kore shi ba, sai ga shi takarda ta kore shi.

A 1913, yana da shekara wajen 34, ya koma arewa inda aka haife shi, ya shiga wasan 'yan 13 a kulob ɗin Barrow. A 1914 ya yi ɗan lokaci a St Helens, sa'an nan ya ajiye ƙwallo. Ya koma Plymouth ya kama sana'arsa. A can ya rasu ran 26 ga Maris, 1954, yana da shekara 74, ba tare da wata hayaniya ba.

SHEKARA 80

Ku ƙidaya da kanku. Daga hularsa ta ƙarshe a 1908, sai da aka yi shekara 80 kafin wani baƙar fata ya sāke sa rigar Ingila. Wannan shi ne Chris Oti, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. A 1988 ya fara, a wasansa na biyu kuwa ya dangwala ƙwallo sau uku a kan Ailan. Bayansa waɗansu 'ya'yan Nijeriya suka biyo, irin su Victor Ubogu haifaffen Legas, da Steve Ojomoh, da Adedayo Adebayo. A 2025 aka naɗa Maro Itoje, shi ma ɗan iyaye 'yan Nijeriya, shugaban ƙungiyar Ingila.

Dokar kuɗin nan da ta kori Peters an soke ta a 1995. Afirka ta Kudu kuwa, wadda ba ta da baƙi ko ɗaya a 1906, ta naɗa baƙar fata, Siya Kolisi, shugaban ƙungiyarta a 2018. Shi ma yaro ne da ya tashi cikin talauci a hannun kakarsa. A 2019 shi ne ya ɗaga kofin duniya, bayan sun ci Ingila 32 da 12. Peters bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Iyaye, akwai mutane iri uku a labarin nan. Akwai masu tanti, waɗanda suka riƙe yaro muddin yana kawo kuɗi, suka yar da shi ranar da ya karye. Akwai masu zaɓe, waɗanda suka san gwaninta, suka kira shi da suna cikin kunya, suka manta da shi da baƙi suka zo. Akwai kuma Malam Fegan, wanda ya buɗe ƙofa ga yaro mai karyayyen hannu. Bai san wata rana yaron zai sa rigar ƙasa ba. Da James ya ƙare kafinta kawai ba wanda ya san sunansa, kamar ɗaruruwan yaran da suka bi ta gidan, da ladan aikin Fegan bai ragu da kome ba.

A unguwanninmu akwai marayu. Wani yana gidan kawunsa, shi ne mai ɗebo ruwa da kiwon awaki, 'ya'yan gida suna makaranta. Wani kuma an ƙi sa shi a wani abu don ba ɗan kabilarmu ba ne, ko don ubansa ba kowa ba ne. Kafin mu yi wa Turawan 1906 dariya, bari kowa ya leƙa tsakar gidansa.

Ku kuma samari masu son ƙwallo, ku lura da abu ɗaya. James Peters ya yi wa ƙasarsa wasa sau biyar, kowane wasa minti 80. In kun haɗa, bai kai awa bakwai ba. Sauran shekarunsa zarto da guduma ne suka riƙe shi. Ku yi wasa da dukan ƙarfinku, amma kada ku bar makaranta, kada kuma ku raina sana'ar hannu.